Baba Koci da Gaisuwar Ƙafa Ɗaya

Baba, mahaifin maigidana, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, zaune a kan kujerar roba a ƙofar ɗakinsa, takalmin filin ƙwallo yana ƙafarsa. Mama ta ce ya dawo kamar kullum, usur rataye a wuya, ya ce ta ba shi ruwa. Ta shiga ta ɗebo. Ko da ta fito, ya riga ya tafi. Kofin yana hannunta har maƙwabta suka shigo.

Kafin ni da maigidana mu iso daga Kamazou, gidan na unguwar Television ya cika, kuma yawancin waɗanda na tarar ba dangi ba ne. Samari ne da jesi, lakar fili ba ta ma bushe a ƙafafunsu ba, sun jeru jikin katanga sun yi tsit. Direbobin keke sun ajiye kekunansu har bakin titi. Matan zumunta na coci sun shimfiɗa tabarmi, wata dattijuwa a cikinsu, mai sayar da doya, tana kuka tana dafa gwiwa.

"Wannan gwiwar shi ya dawo mini da ita," in ji ta. "Da can ko durƙuson addu'a ba na iyawa. Yanzu wa zai riƙa yi mini tsawa?"

Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Da azahar Alhaji ya iso daga Tudun Wada. Shi ne golan ƙungiyar masaƙar da Baba ya buga wa ƙwallo suna samari, kuma tunda na shigo gidan ban taɓa jin sun kira juna da suna ba. Baba yana ce masa Kwando, wai ba ya riƙe komai. Shi kuma yana ce wa Baba Gurgu. Aka ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya tsaya yana kallon kujerar robar nan, ya daɗe.

"Gurgu ya riga ni," ya ce. "Tunda muke bai taɓa riga ni isa ko'ina ba sai yau." Sannan ya juya wajen Mama. "Sannu da haƙuri, uwar gida. Rashin nan namu ne duka."

Maigidana kuwa yana waje, waya a kunne. Shi ya nemo mota aka kai gawa asibiti, shi ya yi maganar rumfa da kujeru, shi ya sanar da mutanen ƙauye. Idonsa a bushe. Da yamma aka zauna da kawunnai aka sa jana'iza ranar Asabar. A gidansu, idan za a fitar da uba, ɗan fari ne yake kama akwati ta wajen kai. Mama ta tuna masa.

"Yana da 'ya'ya a fili, Mama," ya ce. "Sun fi ni ƙarfi, sun kuma fi ni kusa da shi. Su ɗauka. Ni zan kula da mota."

Mama ta juyo. Ni ta kalla. Na sunkuyar da kai, domin na san abin da ke tsakanin ɗan da uban, kuma na san ba abin da za a warware kafin Asabar ba ne. Zan zo kansa. Amma sai an san Baba tukuna, domin jikokinsa ƙanana za su tashi ba su san shi ba, kuma ba na so abin da za su ji kawai shi ne wai tsoho ne mai taurin kai.

Baba yana ɗingishi da ƙafar dama, bai kuma taɓa ɓoye dalilin ba. A ɗaya daga masaƙun Kakuri ya yi aiki, zamanin da injuna ke kuka ba hutawa. Aikinsa ƙulla zaren da ya tsinke. Wata rana ya tashi daga aiki, tsayuwar yini guda a jikinsa, ya tarar an fara wasa ana nemansa. Ya tuɓe kakin aiki, ya zura jesi, ya faɗa fili. Ƙwallon farko da ya bi, agararsa ta tsinke, wato babbar jijiyar nan ta bayan dunduniya. Alhaji ya ce daga raga ya ji ƙarar, kamar an karya busasshen kara. An yi ɗinki, an yi magani, ƙafar ba ta koma daidai ba.

"A masaƙa ba a barin zare ya bushe ya yi sanyi," Baba yakan ce. "In ya bushe, inji na jan sa sai ya tsinke. Za ka ƙulla, ƙwarai kuwa. Amma je ka duba yadin, ƙullin yana nan. Jijiya ma zare ce."

Bayan an rufe masaƙa, abokansa wasu suka koma ƙauye, wasu suka kama gadi. Shi ma ya yi gadin, amma kowace safiya yana filin firamaren da ke bayan gida. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda yake biyan sa. Koci ake ce masa, alhali bai taɓa koya wa kowa yanka ko bugun kusurwa ba. In aka dawo daga wasa ba ya tambayar wa ya ci. Tambayarsa ɗaya ce: "Kowa ya dawo da ƙafarsa?"

Dokarsa ma ɗaya ce: ba a taɓa ƙwallo da sanyin jiki. Don kada a yi masa wayo, a kan buhun ƙwallayen yake zama. Duk mai son ƙwallo sai ya bi ta kansa.

Da sassarfa ake farawa, a zagaye fili a hankali, irin gudun da mutum zai iya hira a cikinsa, har sai gumi ya tsatso. Baba yana taɓa goshin kowa da bayan hannu. Akwai masu shafa ruwan leda a fuska su zo suna haki.

"Gumi mai sanyi?" sai ya ce. "Kai firji ne? Koma!"

Daga nan sai motsa gaɓoɓi, kuma daga ƙasa ake farawa, wai ba a fara gini daga rufi. A juya idon sawu. A yi ɗage a sauka, a yi ɗage a sauka, don sha-raɓa ta farka. A yi tafiya ana ɗaga gwiwa har ƙugu, a dawo dunduniya tana taɓa mazaunai. A dafa katanga a yi lilo da ƙafa gaba da baya, ƙarami tukuna, sannan a ƙara. A taka dogon taki a nutsa, a tashi, a taka ɗayan. Sai ƙugu, sai kafaɗu, wuya shi ne na ƙarshe. Yana bin layi da ɗingishinsa yana gyara.

"Kar ka fizga. Ba kokawa kake da jikinka ba. In ta ja, daidai ne. In ta yi zafi, ka wuce gona da iri. Yi numfashi mana, ka riƙe shi kamar za a ƙwace!"

Abu na ƙarshe kafin ya tashi daga kan buhu shi ne wanda duk Television ta san shi da shi. Kowa ya nemi abokin tsayuwa. Ka ɗora hannun hagu a kafaɗarsa, ka kama idon sawunka na dama ta baya, ka jawo dunduniya sama, gwiwoyi a haɗe, har ka ji gaban cinya yana ja. Baba ba ya ƙirga. Ya ce ƙirga ta masu gaggawa ce, kowa yakan cinye lambobin ya sauke ƙafa. Gaisawa ake yi. Ɗaya ya tambaya, ɗaya ya amsa.

"Ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya gida?"

"Gida lafiya."

"Madalla."

Ba a sauke ƙafa sai an ji madalla. Sannan a canja ƙafa, wanda ya amsa shi ne zai tambaya. Kuma Baba ne yake zaɓar wa mutum aboki in ya ga dama. Waɗanda suka yi faɗa jiya, su zai haɗa yau. Na taɓa ganin wasu manyan samari biyu da suka kusa fasa wa juna kai a kan bugun fanareti, kowa ya ɗora hannu a kafaɗar ɗan'uwansa yana kallon wani gefe, suna gaisawa ta tsakanin haƙora. Ɗaya ya yi tangaɗi, ɗayan ya riƙe shi bai sani ba. Baba ya ce, "Ka ga? Ba a tsayawa da ƙafa ɗaya a yi gaba." A shekarun da garin nan ya yi zafi da rikici, mutane suka daina tsallaka unguwannin juna, Alhaji bai daina kawo samarinsa daga Tudun Wada ba duk lokacin da hanya ta yiwu, Baba kuma bai daina cakuɗa su a layi ba. Ba su taɓa yin jawabi a kai ba. Hannu a kafaɗa kawai.

Ni ba 'yar wasa ba ce, tela ce. Da aka kawo ni gidan, a barandar Mama na kafa keken ɗinkina. Bayan haihuwata ta fari, ga goyo ga ɗinkin Kirsimeti, bayana ya riƙe har ba na iya ɗaga bokiti. Ban gaya wa kowa ba. Baba ya gani a tafiyata. To amma akwai kunya tsakanin suruki da matar ɗa, ba zai tsaya gabana yana nuna mini yadda zan lanƙwasa ƙugu ba. Sai ya kira Mama, ya juya mana baya, ya fuskanci katanga, ya ɗaga murya.

"Ki gaya wa 'yarki, duk ta gama riga ɗaya ta tashi daga kan keken nan. Ta dafa bango haka. Ta ja baya har hannunta ya miƙe. Ta sunkuya a hankali, bayanta a shimfiɗe kamar tebur."

"Tana jin ka ai," in ji Mama.

"Da ke nake magana. Ki gaya mata ta buɗe ƙirji, ta kai kafaɗu baya. Kuma kar ta yi da sanyin jiki, ta zagaya tsakar gida tukuna."

Haka ya yi ta yi yana nuna wa katanga, ni ina bayansa ina kwaikwayo, Mama tana dariya har da riƙe ciki. Bayana ya saki. Tun daga nan, in ya wuce ya ji ƙarar keke ta yi tsawo, sai ya yi gyaran murya ya ce wa iska, "Tela ta manta da bango." Daga wajena ne matan zumunta suka ji, suka fara zuwa fili ranar Asabar da zannuwansu da takalman makarantar 'ya'yansu. Bai rage musu komai ba. Su ma sai sun yi gumi.

Ba zan ce ba shi da abin haushi ba. Baba ba ya iya ganin mutum zai ɗaga kaya ya yi shiru. Ya taɓa tsayar da masu sauke buhunan siminti a kan titi, mutanen da bai sani ba, wai su durƙusa da gwiwa su bar sunkuyo da baya. Ya taɓa hana fasto shiga wasan sada zumunci na coci, a gaban kowa, sai da bawan Allah ya zagaya fili da farar kwalarsa ta fasto a wuya. Mama takan ce ko gobara ce ta tashi, Baba zai ce a juya idon sawu kafin a gudu.

Amma yana jin magana in ta shafi jijiya. 'Yata ta fari tana gudun gajeren zango a makaranta. Wata rana ta dawo ta ce masa malamarsu ta ce doguwar miƙa, wadda ake riƙewa a daɗe, bayan wasa ta fi amfani, kafin wasa kuwa motsi ne ya kamata ya fi yawa. A lokacin gaisuwar Baba doguwa ce, ana kaiwa har kaka da awaki. Ya yi fushi, ya ce yarinyar da aka haifa jiya. Kwana biyu bai yi mata magana ba. Rana ta uku ya hura usur ya ce daga yau gaisuwa biyu ce: ta kan hanya kafin wasa, gajera, da ta zama bayan wasa, a zauna a ƙasa a miƙe ƙafa a kamo yatsu, a tambayi kowa da kowa har maƙwabta. Ya nuna 'yata ya ce, "Wannan ce ta kawo." Bai ƙara ko kalma ba.

Ya iya sauya hanya don jikarsa. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda ya kasa don ɗansa.

Wannan ya faru ne kafin aurenmu, daga bakin Mama da Alhaji na ji, maigidana bai taɓa ba ni labarin da kansa ba. Yana saurayi ɗan gaba ne, kuma kowa ya ce ƙafarsa ta fi ta ubansa. Aka ji cewa mutanen wata babbar ƙungiya za su biyo ta filin da safe su duba yara, a kan hanyarsu ta zuwa wani gari. Takalminsa ya yage, sai ya yi sammako ya tsallaka gada zuwa cikin gari ya aro na abokinsa. A dawowa cunkoso ya riƙe shi a kan gada. Ya sauka daga bas ya sheƙo da gudu daga bakin titi, ya iso ana tsakiyar wasa, baƙin suna tsaye suna duba agogo. Ya zura takalmi zai shiga. Baba ya tare shi.

"Ina za ka?"

"Baba, da gudu na zo. Taɓa goshina ka ji."

Baba ya taɓa. "Gumi ya yi. Saura gaɓoɓi. Fara daga idon sawu."

"Baba, tafiya za su yi!"

"Ka daɗe a takure cikin bas, ka zo ka sa takalmin da ba naka ba, ka ce za ka yi gudun nuna kai? Haka na shiga. Fara."

Alhaji ya sa baki, ya ce Gurgu ka bar yaron nan, yau ɗaya dai. Baba ya ce yau ɗaya ce ta mai da shi gurgu. Yaro ya yi idon sawu, ya yi gwiwa, ya yi ƙugu, yana yi yana waiwaye. Da aka zo gaisuwa ba sauran kowa a gefe, duk suna cikin fili, sai Baba ya ba shi tasa kafaɗar. Ya ɗora hannu, ya kama ƙafa. A daidai lokacin aka hura tashi. Baƙin suka kira yara biyu gefe, suka nufi motarsu.

"Ina kwana?" in ji Baba.

Shiru.

"Ina kwana?"

Yaron ya saki ƙafarsa, ya ɗauke hannunsa daga kafaɗar ubansa, ya cire takalmin aro, ya fita daga filin ba takalmi. Bai sake taka shi ba. Ya koyi gyaran wutar mota, ya yi aure, muka haifi 'ya'ya, muka yi gini a Kamazou. Bai taɓa yi wa Baba rashin kunya ba. Shinkafar Kirsimeti ba ta taɓa yankewa ba, maganin hawan jini ma haka. Amma in ya shigo gidan, "Sannu Baba" ne kawai, ya wuce ɗakin Mama. In Baba ya ce ina gajiya, ya riga ya ba da baya.

Wata rana ina auna wa Baba riga, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gaisuwar mijinki ba ta isa miƙa ƙafa ɗaya ba."

Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, da ka ce masa ka yi kuskure, ko da ba har zuci ba."

Sai ya ce, "Tela, kin ga yadda yake tafiya? Ƙafa biyu, daidai. Kullum ya shigo gidan nan ina kallon tafiyarsa. In na ce na yi kuskure na yi ƙarya. In na ce bai yi mini ciwo ba, ita ma ƙarya ce."

Na kai wa maigidana maganar yadda aka faɗe ta. Ya ce, "Ya zaɓi dokarsa. Ba wanda ya san ko da na ji ciwo ran nan. Amma kowa ya san ban shiga ba."  Wataƙila da ya shiga lafiya ya fito lafiya. Wataƙila da yanzu gidan yana da guragu biyu. Allah kaɗai ya sani, kuma su biyun kowa ya riƙe nasa rabin.

Ranar Asabar da safe aka kawo Baba gida, aka ajiye akwatin a kan benci biyu a tsakar gida. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Fasto ya yi addu'a, matan zumunta suka yi waƙa. Sai aka ce masu ɗauka su matso, za a kai shi mota zuwa coci. Tsofaffin yaransa na fili suka fito, yanzu duk magidanta ne, wasu da kwat, wasu da kaftani. Maigidana yana bakin ƙofa, makullin mota a hannu. Har sun sunkuya za su kama, Alhaji ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kai! Me za ku yi?"

Suka ɗago.

"Tun safe kuna zaune a kan kujera, ga sanyi, ku zo ku sunkuya da baya ku ɗaga shi? Shi? Wallahi sai ya buɗe akwatin nan ya zage ku. Ba za a fitar da Gurgu da sanyin jiki ba."

Wani kawu ya ce Alhaji lokaci yana tafiya, ana jira a coci. Fasto, wanda aka taɓa sa wa zagaye da kwala, ya ce coci za ta jira. Mama ta shiga ɗaki ta fito da usur ɗin Baba ta miƙa wa Alhaji.

Na ga abin da ban taɓa gani a gidan makoki ba. Magidanta da takalman coci suna sassarfa a hankali suna zagaya akwati, samarin jesi suka bi bayansu, matan zumunta suka tashi suka ɗaure zannuwa, har mai doya. 'Yata ce a gaba, tana kira daga ƙasa zuwa sama yadda kakanta yake yi. Idon sawu. Sha-raɓa. Gwiwa. Ƙugu. Ba wanda ya yi dariya, ko da yake hawaye da gumi sun haɗu a fuskoki da yawa. Maigidana yana nan bakin ƙofa. Amma na lura da ƙafarsa ta dama. Ta ɗaga dunduniya tana juyawa a hankali a cikin takalmi, kamar ba da saninsa ba.

"Gaisuwa!" in ji Alhaji. "Kowa ya kama nasa."

Kowa ya samu kafaɗa. Alhaji ya dubi bakin ƙofa.

"Ɗana, zo."

"Alhaji, ni ba na cikin masu ɗauka."

"Ban ce ka ɗauka ba. Gaisuwa ake bin ka. Ina wurin aka fara ta, ban ji an ce madalla ba."

 Maigidana ya dubi Mama, ya dube ni. Ya miƙo mini makullin mota. Ya tako a hankali har gaban Alhaji, ya ɗaga hannu zai dafa shi, Alhaji ya kauce.

"Ni Kwando ne, ba na riƙe komai. Ga abokin tsayuwarka can."

Maigidana ya tsaya ta wajen kan akwatin. Ya daɗe. Sannan ya ɗora hannun hagu a kan katakon, ya kai na dama baya ya kamo idon sawunsa, da kwat ɗinsa da komai. Ya yi tangaɗi, domin rabonsa da yin haka tun yana saurayi, katakon ya riƙe shi. Kowa ya ɗaga tasa ƙafar. Alhaji ya tsaya a inda Baba zai tsaya.

"Ina kwana?"

Jama'a suka amsa, amma ni muryar mutum ɗaya nake saurare, ban kuwa ji ta ba. Alhaji ma bai ji ba. Ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru, ƙafafu suna sama.

"Ina kwana?"

"Lafiya lau, Baba," in ji maigidana.

"Ina gajiya?"

Kowa ya san amsar, ko yaron goye.  Kafaɗun maigidana suka fara girgiza.

"Akwai gajiya, Baba," ya ce. "Na gaji."

Alhaji bai gyara masa ba. "Yaya gida?"

"Gida lafiya. Mama tana nan. Yara suna nan. Zan kula da su."

Alhaji ya buɗe baki zai rufe gaisuwar, abin ya gagare shi. Mama ce ta faɗa daga kan tabarma, ba da ƙarfi ba.

"Madalla."

Maigidana ya sauke ƙafarsa. Ba wanda ya matsa masa. Bai koma bakin ƙofa ba. Ya gyara tsayuwa a wajen kai, ya dubi sauran masu ɗauka, ya share fuska da hannun riga.

"Da gwiwa," ya ce musu. "Kar wanda ya sunkuya da baya."

Suka durƙusa tare, suka tashi tare, Baba ya fita daga gidansa a kafaɗar ɗansa.

Allah ya ba shi hutu, ya miƙe masa ƙafar da ta yi ta ɗingishi saboda namu su tsaya daidai. Usur ɗin yana wuyan 'yata yanzu, ita take zama a kan buhu ranar Asabar. Ubanta yana kai ta da mota. Satin farko a cikin motar ya jira. Satin da ya wuce na tarar da laka a takalminsa, ban tambaye shi ba.